Yadda ake nemo fasarina, a gane ta, a san abin da ya dace a yi da ita

Akwai tsiron da mutum zai taka sau goma a gona ɗaya bai san ya taka komai ba. Fasarina tana cikinsu. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ganyenta da ƙyar ya wuce tsawon farce, furenta kuwa bai fi ƙwayar gero ba. Masana tsirrai suna kiran ta Thymelaea passerina, masu jin Turanci suna ce mata spurge flax, ni kuma don sauƙin faɗa zan riƙa ce mata fasarina, daga kashi na biyu na sunanta na kimiyya.

Abin da ya sa na ga ta cancanci jagora guda shi ne halin da take ciki. A Jamus da Suwizalan tana cikin jerin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, ana lallaɓa manoma su bar mata wuri. A jihar Washinton ta Amurka kuwa tana cikin jerin miyagun ciyayin da doka ta sa a yaƙa. Tsiro ɗaya, hukunci biyu. Wanda ya gamu da ita, ko ɗalibi ne, ko ma'aikacin gona, ko mai yawon duba tsirrai don sha'awa, yana buƙatar ya tabbatar ita ce, sannan ya san a wane gefen taswira yake tsaye kafin ya kai mata hannu.

Mataki na farko: kada sunanta ya ruɗe ka

Sunan Turancin ya haɗa sunayen tsirrai biyu, kuma babu ko ɗaya da yake danginta. Kashi na farko sunan tsirran Euphorbia ne, masu fitar da farin ruwa kamar nono idan an karya su. Kashi na biyu sunan Linum ne, tsiron da ake samun zaren lilin daga gare shi. Kamannin ganye ne kawai ya jawo mata wannan suna, kuma kama da wane ba ta wane. Wanda ya shiga littafin tsirrai yana neman ta a cikin waɗannan dangogi biyu zai ɓata yininsa.

Danginta na gaskiya shi ne Thymelaeaceae. A cikinsa akwai Daphne da ake shukawa a lambunan Turai don ƙanshin fure, akwai Edgeworthia da Japanawa suke yin takarda mai ƙarko da ɓawonta, akwai kuma Aquilaria na kudu maso gabashin Asiya, itacen da ake samun turaren ud daga gare shi. Abu biyu ne suka game yawancin 'yan wannan gida: ɓawo mai zare mai taurin tsinkewa, da guba a jiki. Ka riƙe waɗannan biyun, za su yi maka amfani a fili.

Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara ba ta sunan kimiyya a 1753, ya kira ta Stellera passerina. Philip Miller, masanin tsirrai ɗan Birtaniya, ya kafa rukunin Thymelaea a 1754, sannan a tsakiyar ƙarni na 19 wasu Faransawa biyu da suka rubuta littafin tsirran kewayen Faris, Cosson da Germain, suka mayar da ita cikinsa. Shi ya sa za ka ga tsofaffin samfuran busassun tsirrai da tsofaffin littattafai ɗauke da wancan suna na farko, kuma ya kamata ka nemi bayaninta da sunayen biyu. Thymelaea kalmar Girkanci ce da ta haɗa sunan thyme, wani ɗan tsiro mai ƙanshi, da na zaitun. Passerina kuwa daga passer ne, wato gwara da Latinanci, domin 'ya'yanta suna da ɗan tsini kamar bakin tsuntsu. Jamusawa da Faransawa ma gwaran suka gani: sunan da suke kiran ta da shi yana nufin harshen gwara.

Rukunin Thymelaea yana da nau'i wajen 30, mafi yawansu a kewayen Bahar Rum, musamman Sifaniya da Maroko da maƙwabtansu. Kusan dukkansu ƙananan itatuwa ne masu shekaru, kamar Thymelaea hirsuta da Larabawa suke kira mitnan, wadda makiyayan hamada suke tufka igiya da ɓawonta. Fasarina ta fita daban: a shekara ɗaya take tsirowa, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu. Wannan gajeriyar rayuwa ce ta ba ta damar shiga gonakin hatsi, kuma ta hanyar gona ta yi nisan da 'yan'uwanta ba su yi ba.

Mataki na biyu: buɗe taswira kafin ka sa takalmi

Asalin mazauninta doguwar shimfiɗa ce daga yamma zuwa gabas. Ta faro daga Sifaniya da Faransa, ta bi ta Italiya da ƙasashen Balkan da Hangari, ta ratsa Yukiren da kudancin Rasha da yankin Kokeshiya, ta shiga Turkiyya da Iran da Afganistan da ƙasashen tsakiyar Asiya, har ta dangana da yammacin tsaunukan Himalaya da lardin Shinjiyang na ƙasar Sin. Ta arewa tana kaiwa tsakiyar Jamus da kudancin Folan, amma can a warwatse take, sai a wurare masu ɗumi. Ba 'yar asalin Ingila ba ce, haka ma ƙasashen arewacin Turai masu tsananin sanyi.

Littattafai da dama suna haɗawa da arewacin Afirka, kuma a nan sai an yi hattara. A kewayen Bahar Rum akwai 'yan'uwanta na kusa waɗanda su ma shekara ɗaya suke yi, kamar Thymelaea gussonei da Thymelaea salsa, kuma kamanninsu ya kai a riƙa ɗaukar wannan a matsayin waccan. Idan a Maroko ko Aljeriya ko kudancin Sifaniya kake, kada ka yanke hukunci da ganin siffa daga tsaye. Sai ka buɗe fure, kuma zan zo kan wannan.

A tsakiyar Turai masana suna lissafa ta cikin tsirran da suka biyo noma tun zamanin da, wato waɗanda suka daɗe har sun zama 'yan gida. Wannan ya bambanta da zuwanta Amurka ta Arewa, inda aka fara lura da ita a tsakiyar ƙarni na 20 a jihohin tsakiyar ƙasar Amurka. Yau ana samun ta a jihohi kamar Nebraska da Ayowa da Kansas da Ilinoi da Ohayo, da lardin Ontariyo na Kanada, da gundumar Okanogan a jihar Washinton. Ta kuma isa kudancin Ostireliya.

Amfanin wannan mataki shi ne ka raba duniya gida uku a ranka: inda take 'yar gida kuma tana da yawa, inda take 'yar gida amma tana ƙarewa, da inda take baƙuwa. Kafin ka fita, duba GBIF ko iNaturalist, shafukan intanet da ake tara bayanan inda aka ga tsirrai da dabbobi, ka ga wuraren da aka taɓa ganin ta kusa da inda za ka, ka kuma lura da shekarun. Idan duk bayanan wani yanki tsofaffi ne, na shekaru hamsin ko fiye, to ko dai ta ɓace a can, ko kuma an daina neman ta. A ganina irin wannan wuri ya fi cancantar zuwa fiye da inda kowa ya riga ya san tana nan.

Mataki na uku: zaɓi lokaci da irin ƙasa

Yawancin masu neman furannin daji a Turai suna fita ne a watan Mayu da Yuni, lokacin da fili yake cike da launi. Wanda ya nemi fasarina a wannan lokaci zai dawo hannu rabbana, domin a sannan ƙaramar tsinke ce a ƙarƙashin alkama, babu abin da zai bambanta ta da sauran. Furenta daga Yuli ne zuwa Satumba, iri kuma yana nuna daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba. Rayuwarta ta ginu ne a kan girbi: tana jira a inuwar hatsi, idan aka yanke shi rana ta sauko ƙasa, sai ta miƙe a tsakanin tushiya ta yi reshe ta yi fure. Saboda haka makonnin da suka biyo bayan girbin alkama ko sha'ir su ne naka.

Ƙasar da take so ita ce busasshiya, mai ɗumi, mai sinadarin farar ƙasa, wadda sau da yawa za ka ga tsakuwar alli ko fararen duwatsu a samanta. Ba ta son cunkoso. Nemi gonar da aka girbe ba a yi mata huɗa ba tukuna, da saurar da aka bari shekara ɗaya ko biyu, da bakin gonar inabi, da gefen hanyar gona, da gangaren da ke fuskantar kudu inda ciyawa ta yi sako-sako har ana ganin ƙasa. A gabashin mazauninta tana shiga busassun filayen kiwo, har da ƙasa mai ɗan gishiri. Inda ciyawa ta yi kauri ta rufe ƙasa ruf, ko inda aka zuba taki hatsi ya yi duhu, wuce kawai.

Wata dabara da ta fi duba ƙasa sauri ita ce duba maƙwabta. Akwai tsirran da suke tarayya da ita a gonakin farar ƙasa kuma sun fi ta saurin shiga ido: Stachys annua mai farin fure, wadda a da ƙudan zuman Hangari suke yin zuma mai yawa da ita bayan girbi, Ajuga chamaepitys mai rawayan fure da ƙanshin itacen fain, Consolida regalis mai shuɗin fure, da Nigella arvensis, 'yar'uwar habbatus sauda ta daji. Idan ka ga biyu ko uku daga cikinsu a gona ɗaya, rage sauri. Gonar da ta riƙe waɗannan ba ta sha maganin feshi sosai ba.

Kuma gona tana da mai ita. Nemi izini kafin ka shiga, ko da an gama girbi.

Mataki na huɗu: kaya da yadda ake kallo

Kayan ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma, ƙaramar rula mai milimita, safar hannu, allura ko tsinke mai kaifi, farar takarda, ambulan, da wayar da za ta ba ka hoto da lambobin wuri. Gilashin ne ba a yi sai da shi, domin duk abin da zai tabbatar maka da ita bai wuce milimita uku ba.

Kada ka neme ta daga tsaye kana kallon ƙasa, daga sama kusan ba ta da faɗi. Tsuguna, ka kawo idonka daidai tsayin tushiya, ka kalli gefe. Da safe ko da la'asar, idan ka fuskanci rana, siraran rassanta suna fitowa a miƙe kamar wayoyi. A ƙarshen kaka aikin ya fi sauƙi, domin jikinta yana rikiɗa ya yi ja, har ana iya hango inda ta yi yawa daga nesa.

Mataki na biyar: bi ta daga ƙasa zuwa sama

A nan ne aikin yake, kuma ina ba da shawarar ka bi tsari ɗaya kullum don kada ɗoki ya sa ka tsallake wani abu.

Fara da tsayuwarta. Kara ɗaya ne siriri yake fitowa daga saiwa ɗaya mai nutsewa tsaye. Tsayinsa yawanci tsakanin santimita 15 ne da 50, wani lokaci ya ɗara haka a ƙasa mai kyau. Yana iya tafiya shi kaɗai babu reshe, ko ya rabu daga tsakiya zuwa sama, rassan kuma ba sa bajewa, suna miƙewa sama kusa da uwar kara. Launin kore ne mai ɗan rawaya ko ɗan toka. Karan sumul yake, ko kuma da ɗan gashi kaɗan can sama.

Sai ganye. Ɗaya-ɗaya suke jere a kan kara, wannan sama da wancan, ba biyu-biyu suna fuskantar juna ba. Kowanne siriri ne mai tsini kamar kan mashi, tsawonsa wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, faɗinsa milimita ɗaya zuwa biyu. Gefensa babu zarto, kusan ba shi da mariƙi, kuma yana kwanciya sama-sama kusa da kara. Na sama sun fi na ƙasa ƙanƙanta. Idan lokaci ya ja, na ƙasa sukan zube su bar karan tsirara. Duba daidai inda ganye ya haɗu da kara: babu wata fata ko riga da ta naɗe gaɓar. Wannan rashin yana da muhimmanci.

Yanzu sa safar hannu ka tsinke ganye ɗaya ko kan ƙaramin reshe. Babu farin ruwa. Idan ka gwada karya reshen kuma za ka ji yana gardama, ɓawon yana saɓulewa da zare maimakon ya karye ƙas. Wannan alamar gidansu ce. Kada ka kai shi baki don ɗanɗanawa, kada kuma ka murza ido kafin ka wanke hannu. 'Yan wannan dangi suna ɗauke da sinadarai masu ƙona fata da baki, kuma dabbobi ma suna ƙyale fasarina a wurin kiwo.

Sai ka ɗauko gilashi ka koma hammatar ganye, wato lungun da ke tsakanin ganye da kara, a rabin tsiron na sama. A nan furanni suke zaune, babu mariƙi, ɗaya ko biyu ko uku, wani lokaci fiye, a jere har ƙarshen reshe kamar an ɗinka su. A gindin kowane gungu akwai ƙananan ganye biyu masu tallafe da shi, da wani ɗan tuntu na farin gashi mai laushi. Idan ka ga wannan farin gashi a hammatar ganye, ka yi rabin tafiya.

Furen kansa ɗan tulu ne mai tsawon milimita biyu zuwa uku, kore mai rawaya, jikinsa lulluɓe da gajeren gashi a kwance. A bakinsa akwai leɓɓa huɗu ƙanana. Ƙirga su da kyau: huɗu. Ba shi da fallayen nan masu launi da muka saba gani a fure, tulun da leɓɓansa su ne komai. Ɗora fure ɗaya a kan farar takarda, ka tsaga shi a tsaye da allura, ka buɗe. A jikin bangon tulun daga ciki za ka ga sassan namiji masu ɗauke da garin fure guda takwas, a sahu biyu, huɗu sama huɗu ƙasa. A ƙasan tulun kuma mahaifar iri ce guda ɗaya, a zaune da kanta, ba ta manne da bangon ba. Namiji da mace a fure ɗaya ke nan, kuma haka furen fasarina yake a bisa al'ada. A wasu 'yan'uwanta na Bahar Rum za ka tarar da furanni maza daban, mata daban, shi ya sa a can ya kamata ka tsaga furanni da yawa daga sassa daban-daban na tsiron, ka kuma gwada da littafin tsirran ƙasar da kake.

Na san tsaga abu mai milimita biyu a tsakiyar gona, iska tana kaɗawa, ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ya gagara, sa 'yan furanni a ambulan ka yi a gida a kan tebur. Busasshen fure yana laushi idan aka jiƙa shi a ruwan ɗumi na 'yan mintuna.

Na ƙarshe 'ya'ya. Tulun furen ba ya faɗuwa bayan an gama fure, yana nan yana rufe da ɗan da ke girma a ciki, har ya kumbura a gindi ya tsuke a sama. Murza wanda ya nuna a tsakanin yatsu, rigar za ta saɓule, ƙwaya ɗaya tak za ta fito, baƙa ko mai duhu, mai siffar ɗigon ruwa, da ɗan baki mai tsini. Juya ta a gefe a ƙarƙashin gilashi ka ga kan gwaran da ya ba ta suna. Ni dai a duk jikin tsiron babu abin da ya fi burge ni kamar wannan, ƙwayar da ba ta kai milimita uku ba amma ta ɗauki suna a harsuna uku.

Mataki na shida: bambanta ta da masu kama da ita

Huɗu ne suka fi ruɗar mutane. Euphorbia exigua tana zama a gona ɗaya da ita, da siraran ganye iri ɗaya, amma da ka tsinke ta farin ruwa zai fito, kuma furanninta a saman tsiro suke a baje. Polygonum aviculare ita ma tana da ƙananan furanni a hammatar ganye, sai dai kowace gaɓa tata tana sanye da wata farar riga mai sheƙi kamar leda, kuma yawanci a kwance take. Tsirran Linum, idan babu fure, suna kama da ita ƙwarai, amma furensu yana da fallaye biyar a bayyane a kan mariƙi, ɗansu kuma ƙwallo ne mai iri da yawa.

Wadda ta fi wahala ita ce Thesium. Siririya ce, launinta kore mai rawaya, furenta ƙarami, ɗanta ƙwaya ɗaya. Bambancin yana cikin fure: na Thesium fari ne daga ciki, yawanci leɓɓansa biyar, sassan namiji ba su kai takwas ba, kuma mahaifar irin tana ƙarƙashin furen, ragowar furen yana zaune a kan ɗan kamar hula. Babu kuma tuntun farin gashi a hammata. Idan ka haɗa abu huɗu, wato babu farin ruwa, babu riga a gaɓa, leɓɓa huɗu da sassan namiji takwas, da farin gashi a gindin fure, to Thymelaea ce a hannunka.

Mataki na bakwai: rubuta abin da ka gani

Ganin da ba a rubuta ba ya tafi da mai shi. Ɗauki hoto aƙalla huɗu: filin gaba ɗaya, tsiron a tsaye da rula a gefensa, hammatar ganye da fure, da ƙwaya a kan farar takarda. Kyamarar waya takan kasa kama abu siriri, ta riƙa kama ƙasar da ke bayansa. Sa tafin hannu ko takarda a bayan reshen, ko ka ɗora gilashin ƙara girma a kan idon kyamarar.

Rubuta kwanan wata, lambobin wuri, irin ƙasa, abin da aka noma a gonar, ko an yi huɗa, tsirran da ke kewaye, da adadi. Idan ba su da yawa ƙirga su ɗaya-ɗaya, idan suna da yawa auna faɗin wurin da takun ƙafa ka kimanta. Adadin tsiro mai shekara ɗaya yana hawa da sauka daga bana zuwa baɗi gwargwadon ruwa da abin da aka shuka, don haka ƙirgen shekara uku a wuri ɗaya ya fi na wurare uku a shekara ɗaya faɗin gaskiya.

Batun ɗaukar samfur ya danganta da inda kake. A inda take ƙarewa, ko a cikin gandun da aka keɓe, hoto ya isa, kuma sau da yawa sai da takardar izini ake cire tsiro. A inda take da yawa, tono ɗaya da saiwarsa, wanda yake da fure da 'ya'ya. Shimfiɗa shi a tsakanin takardun jarida, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne da abu mai nauyi. Sauya takarda kullum a kwanakin farko. Da yake ba ta da ruwa sosai a jiki, mako ɗaya zuwa biyu ya ishe ta bushewa. 'Ya'yan suna zubewa da sun bushe, saboda haka tattara su a ƙaramin ambulan ka haɗa da samfurin, tare da takardar bayani. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a ko gidan tarihi mafi kusa za ta iya tabbatar maka da sunan.

Mataki na takwas: a bar ta ko a cire ta

Idan a tsakiyar Turai ka same ta, ka sami abin da yake ƙaranci. Dalilan raguwarta sanannu ne: maganin kashe ciyawa, takin zamani da yake sa hatsi ya yi kauri ya hana haske isa ƙasa, barin noman gonakin tudu marasa albarka har ciyawa da ƙaya su cinye su, da kuma wanda ya fi yi mata illa, wato kifar da tushiya da tarakta kwana kaɗan bayan girbi. Tsiron da sai bayan girbi yake fure, idan aka bi gonar da garma a farkon Agusta, an kashe shi kafin ya zubar da ƙwaya ɗaya. A yi haka shekaru a jere, irin da ke ajiye a ƙasa ya ƙare.

Maganin yana cikin dalilin. A bar tushiya a tsaye har ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ko da a wani ɓangare na gonar ne. A bar 'yan mitoci a bakin gona ba feshi, ba taki mai yawa, a kuma rage kaurin shuka a wurin. Jamus ta fara biyan manoma don barin irin wannan bakin gona tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da mutane masu kyakkyawar niyya suke yawan kuskurewa shi ne su ce a killace wurin a daina taɓa shi. Wannan ma kashe ta ne, domin cikin 'yan shekaru ciyawa mai daɗewa za ta rufe ƙasa. Tana buƙatar a motsa ƙasar, amma a makare, bayan iri ya zuba. Sanar da hukumar kula da muhalli ta yankin, ka kuma yi wa mai gonar bayani da ladabi, domin yadda yake noma ne ya sa ta rayu har ka gan ta.

Idan kuwa a Amurka ta Arewa ko Ostireliya ka gan ta, lissafin ya juya. A jihar Washinton a da tana cikin aji na farko na miyagun ciyayi, waɗanda ake so a kawar da su gaba ɗaya, daga baya aka mayar da ita aji na biyu, amma tana nan cikin jerin waɗanda ake yaƙa. Tana shiga busassun filayen kiwo, dabbobi su cinye ciyawar da ke kewaye su bar ta, ita kuma ta ƙara samun wuri. Feshi ba ya kama ta da sauƙi saboda ganyenta ƙanana ne, maganin ba ya samun inda zai zauna. Fara da kai rahoto ga hukumar da ke kula da miyagun ciyayi ta gundumar, da hoto da lambobin wuri. Idan wurin ƙarami ne, sa safar hannu ka tuge ta da saiwa kafin iri ya nuna, wato a Yuli ko farkon Agusta idan a Amurka ta Arewa ne. Wadda ta riga ta yi 'ya'ya kada a yar da ita a fili, a zuba a buhun leda a ɗaure a kai inda hukuma ta ce. Kada a bi ta da injin yankan ciyawa bayan ta yi iri, watsa ta za a yi.

Kafin ka bar wurin, kakkaɓe takalmi da ƙafar wando, ka duba tayoyin mota da ƙarƙashinta, domin ƙwayar tana tafiya a cikin laka da harawa da jikin injin. Sa alama a wurin, ka dawo kafin iri ya nuna baɗi da shekarun da ke biye, domin irin da ya riga ya shiga ƙasa zai ci gaba da tsirowa bayan an cire iyayensa.